HMS Nigeria: jirgin yaƙin wa ne, kuma su wa suka riƙe shi?

Bakano_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan majalisa. Akwai wani hoto da ake ta yaɗawa na wani katafaren jirgin ruwan yaƙi mai bututun hayaƙi biyu, an rubuta a ƙasansa wai "HMS Nigeria, jirgin yaƙin Najeriya na farko, wanda Admiral Vian ya jagoranta." Tambayata kashi biyu ce. Shin da gaske namu ne? Sannan wa ya riƙe shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don wasu suna cewa Vian, wasu Burrough, wasu kuma Dundas.

Tsohon_Matuƙi:
Wa alaikumus salam Malam Bakano. Ba namu ba ne, sunanmu kawai aka ara. Jirgin rundunar sojin ruwan Birtaniya ne, da kuɗin Birtaniya aka ƙera shi a masana'antar Vickers-Armstrongs da ke bakin kogin Tyne, kusa da Newcastle. An kafa ƙashin bayansa a Fabrairun 1938, an tura shi ruwa ran 18 ga Yuli 1939, ya fara aiki a Satumban 1940. Yana cikin wani jerin kuruza, wato matsakaitan jiragen ruwan yaƙi masu sauri, da aka raɗa wa sunayen ƙasashen da Ingila ke mulka: Fiji, Kenya, Mauritius, Nigeria, Trinidad, Gambia, Jamaica, Bermuda, daga baya Ceylon, Uganda da Newfoundland. Rundunar sojin ruwan Najeriya kuwa sai 1956 aka kafa ta.

Kan tambaya ta biyu, masu rubutun sun gauraya muƙamai biyu ne. Kyaftin shi ne mai jirgi: tuƙi, igwa, injin, horon ma'aikata, duk a wuyansa suke. Admiral baƙo ne da ya kafa tutarsa a jirgin don ya ba dukkan rukunin jiragen umarni daga can. Vian da Burrough admiral ne da suka zauna a cikinsa. Kyaftin-kyaftin ɗinsa na lokacin yaƙi su ne J. G. L. Dundas daga 1940 zuwa tsakiyar 1942, sai S. H. Paton zuwa 1944, sai H. A. King zuwa ƙarshen yaƙi.

Yar_Zariya:
Baba Tsoho, kyaftin kuma da jirgin mutum ɗari tara? Ai kyaftin ƙaramin hafsa ne.

Tsohon_Matuƙi:
A sojan ƙasa ke nan, 'yata. Kyaftin na ruwa, mai zobe huɗu a hannun riga, daidai yake da kanar. Riya admiral kuma daidai da manjo janar.

NNS_Fan:
Abin da ya jawo rikicin hoton nan shi ne mu ma mun yi jirage masu wannan suna. Na farko tsohon HMS Hare ne, mai share nakiyoyin ruwa, da aka ba Najeriya a 1959 aka sa masa Nigeria. Na biyu shi ne NNS Nigeria da aka ƙera a Holan, ya iso a 1965, ya yi aiki a saukar da sojoji a Bonny a Yulin 1967, daga baya aka sauya masa suna zuwa NNS Obuma. Dukansu ƙanana ne ƙwarai a kan wanda ke cikin hoton.

Injiniya_Gusau:
Bari in ɗan faɗi abin da ya sa ake kiransa "ƙaramin" kuruza alhali tsawonsa ya kai mita 169. Girman igwa ake dubawa, ba girman jiki ba. Mai igwar inci 8 shi ne babba, mai inci 6 shi ne ƙarami. Yarjejeniyar Landan ta 1936 ta ce sabon kuruza kada ya wuce tan 8,000, don haka aka ɗauko makaman manyan yayyensa irin su Southampton aka cusa su a jiki mafi gajarta. Duk da haka sai da ya haura tan 8,500.

Abin da ke kansa lokacin da ya fito:
igwa 12 masu inci 6, uku-uku a ɗakuna huɗu masu juyawa, biyu a gaba biyu a baya (ana kiransu A, B, X, Y);
igwa 8 masu inci 4, bibbiyu, na harbin jiragen sama;
bututun tofido (makami mai fashewa da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa) shida, uku a kowane gefe;
jiragen sama biyu samfurin Walrus masu sauka a ruwa, don leƙen asiri;
tukwanen tururi huɗu da farfela huɗu, gudunsa ya wuce mil 31 na teku a awa.

Harsashi ɗaya na inci 6 nauyinsa kilo 50 da ɗoriya, yana kaiwa kilomita 23, kowace igwa kuma tana iya sakin shida zuwa takwas a minti in ma'aikata sun goge. Wanda ya lura da hoton zai ga igwar tsakiya ta fi 'yan uwanta biyu noƙewa baya. Ba kuskure ba ne. An ja ta baya da inci 30 ne don in uku suka tashi tare, iskar harsashi ɗaya kada ta bugi na kusa da shi su warwatse.

Illar wannan cushe-cushe ita ce nauyi a sama. Da aka fara ƙara radar da ƙananan bindigogin kakkaɓo jirage, sai jirgin ya rasa inda zai ɗauki ƙari. Shi ya sa ukun ƙarshe aka ƙera su da ɗakin igwa uku kawai, wasu daga cikin na farko kuma aka cire musu X. Shi Nigeria ya gama yaƙin da huɗunsa cif.

Dan_Kwantagora:
Ni abin da ya ja hankalina tambarinsa ne: alwatika biyu kore da suka sarƙe, da kambin sarauta a tsakiya. Hatimin nan ne da ke kan tutar Najeriya ta zamanin Turawa daga 1914, wanda kuma ke kan kwabo da ɗari da anini masu huda. Lugga da kansa ya rubuta cewa ya ɗauko zanen ne daga wata butar tagulla da aka samu bayan an ci Kwantagora a 1901. To in ba namu ba ne, aƙalla tambarin daga gidanmu ya fita.

Bakano_Tarihi:
Madalla. To ina Vian ya shigo?

Malam_Na_Sakkwato:
A bazarar 1941, amma kafin nan akwai aikin da ya fi muhimmanci a wajena, a ƙarƙashin Dundas. Jamusawa suna ajiye ƙananan jiragen kamun kifi a can arewa suna aiko da rahoton yanayi, kuma kowannensu yana ɗauke da takardun saitin Enigma, na'urar ɓoye saƙonni ta sojin ruwa. Harry Hinsley na Bletchley Park, cibiyar Birtaniya ta warware saƙonnin sirri, ya lura cewa in an far wa irin wannan jirgi ba zato, ma'aikata za su jefa na'urar da saitin watan da ake ciki a ruwa, amma na wata mai zuwa yana kulle a akwatin ƙarfe, da wuya su tuna da shi. An gwada da wani irin jirgin mai suna München a Mayu aka dace. Ran 28 ga Yuni 1941 Nigeria da distiroya (ƙananan jiragen yaƙi masu rakiya) uku, Tartar, Bedouin da Jupiter, suka ritsa wani mai suna Lauenburg cikin hazo a yankin tsibirin Jan Mayen.

Dabarar ita ce a yi harbi kusa da shi ba a kansa ba, har tsoro ya sa mutanen su sauka cikin kwale-kwale. Sai 'yan Tartar suka hau suka kwashe takardu, sannan aka nutsar da shi don Jamus ta ɗauka komai ya tafi ƙasan teku. Da waɗannan takardu aka karanta saƙonnin sojin ruwan Jamus na watan Yuli kusan a ranar da aka aika su.

Tsohon_Matuƙi:
Haka ne Malam. Vian kuma ya kafa tutarsa a Nigeria a ƙarshen Yuli, ya je ya leƙo tsibirin Spitsbergen na Norwe, sannan aka yi aikin da ake kira Gauntlet daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Nigeria da kuruza Aurora suka raka babban jirgin fasinja Empress of Canada ɗauke da sojojin Kanada. An kwashe 'yan Rasha masu haƙar kwal kusan 2,000 zuwa Arkhangelsk, 'yan Norwe kusan 800 zuwa Birtaniya, aka cinna wa tulin kwal wuta, aka lalata ma'adinan. Tashar rediyon tsibirin ta ci gaba da aika rahoton ƙarya cewa hazo ya rufe ko'ina, don kada jiragen saman Jamus su zo leƙe.

A hanyar dawowa Vian ya ware kuruza biyun ya nufi gaɓar arewacin Norwe. Daren 6 zuwa wayewar 7 ga Satumba suka yi kiciɓis da ayarin Jamus a bakin Porsangerfjord, suka nutsar da Bremse, jirgin koyar da harbi da ke rakiya. Jiragen biyu da yake karewa, Trautenfels da Barcelona, masu ɗauke da sojojin tsaunuka kusan 1,500, suka sulale cikin mashigin ruwa suka tsira. Nigeria ya dawo da goshinsa a ragargaje.

Sarkin_Gardama:
Ai tsaga Bremse ya yi gida biyu da goshinsa. Kowa ya san wannan.

Injiniya_Gusau:
Ba kowa ba, ranka ya daɗe. Bayani biyu ne ke akwai tun wancan lokaci. Na farko, cewa ya yi karo da Bremse ko gawarsa cikin duhu da hayaƙi. Na biyu, wanda ya fito daga baya, cewa nakiya ya taka. Yadda ake bambancewa a tashar gyara shi ne duba yadda ƙarfen ya lanƙwashe. Karo yana murƙushe farantan ƙarfe baya, su nannaɗe, a ga fentin ɗaya jirgin a jiki. Nakiya tana turo ƙarfe ciki da sama daga ƙarƙashin ruwa, girgizarta kuma tana kashe na'urori har nesa da wurin. Labarin karo ya fi daɗin bayarwa a jarida, shi ya sa ya fi yaɗuwa.

Sarkin_Gardama:
To ni dai ina kan karo. Kuma ko ma mene ne, Bremse mai igwa huɗu ya tsaya wa igwa 12 na Nigeria da 6 na Aurora har waɗanda yake karewa suka tsere. A lissafin aiki, ayarin ne abin farauta, kuma ya kuɓuta.

Malam_Na_Sakkwato:
Wannan magana taka ta biyu tana da ƙarfi, Yallaɓai. Mutanen Bremse kusan 160 suka mutu a kan aikin da aka ba su, kuma sun cika shi.

Yar_Zariya:
Burrough fa?

Tsohon_Matuƙi:
Harold Burrough shi ke riƙe da runduna ta 10 ta kuruza. Bayan gyara a Tyne, Nigeria ya koma rakiyar ayarin kaya zuwa Murmansk ta Rasha a 1942, har ya yi zaman makonni a mashigin Kola cikin hunturu. Yana cikin masu kare ayarin PQ 16 a Mayu da tutar Burrough, yana kuma tare da manyan jirage masu tsaro daga nesa a lokacin bala'in da ya faɗa wa ayarin PQ 17. A can ƙanƙara ma abokiyar gaba ce: tana daskarewa a kan igwa da dogayen sanduna, ta ƙara nauyin saman da Injiniya ya ambata, dole a riƙa fasa ta da guduma da tururi, a kuma riƙa juya ɗakunan igwa lokaci-lokaci don kada su cije.

Daga nan sai aikin da ake kira Pedestal, Agustan 1942, a lokacin Paton ya karɓi jirgin. Jiragen kaya 14 za a kai Malta. Manyan jirage a ƙarƙashin Admiral Syfret za su raka su zuwa bakin mashigin da ke tsakanin Tunisiya da Sisili su juya, sai Burrough ya ƙarasa da su da kuruza huɗu, Nigeria, Kenya, Manchester, Cairo, da distiroya. Da yammacin 12 ga wata, wajen ƙarfe 8, ayarin yana cikin sauya tsari daga layi huɗu zuwa biyu don shiga ƙunci, jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya mai suna Axum, a hannun Renato Ferrini, ya saki tofido huɗu. Ya sami Nigeria, ya sami Cairo, ya sami tankar mai Ohio. Mutum 52 suka mutu a Nigeria. Cairo sai da nasu suka ƙarasa shi.

A nan ne bambancin da na faɗa tun farko ya fito fili. Burrough ya sauke tutarsa ya koma distiroya Ashanti ya bi ayari, don ayari ne aikinsa. Paton ya tsaya da jirginsa, don jirgi ne nasa aikin.

Zangon_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Wannan Ashanti ɗin ya zo Takoradi a 1939, aka ba shi kyautar ƙararrawar azurfa da garkuwar zinariya daga Asantehene, sarkin Ashanti. Ku duba sunayen wannan dare: Axum, Nigeria, Cairo, Kenya, Ashanti. Ga teku cike da sunayen Afirka, amma masu jiragen duk Turawa.

Injiniya_Gusau:
Yadda Paton ya kai shi Jibralta ya cancanci a tsaya a kai. Tofidon ya shiga ta hagu, wajen gaba, jirgin ya jirkice da digiri kusan 13. Matakan ceto a irin wannan hali a jere suke. A rufe duk ƙofofin hana ruwa, ko da akwai mutane a ɓangaren da ya cika, in ba haka ba a rasa kowa. A tokare bangayen da ke iyaka da ruwan da katakai da tsinke, don su ne yanzu jikin jirgi. A raba bututun tururi da wayoyin lantarki na ɓangaren da ya lalace daga masu lafiya, shi ya sa aka jera injin ɗin tukunya, injin, tukunya, injin, don rabi ya iya aiki shi kaɗai. Sannan a daidaita jirkicewa: a tura mai zuwa tankunan ɗaya gefen, ko a shigar da ruwa da gangan.

Wurin da ake kuskure shi ne wannan na ƙarshe. Ɗakin da ya cika rabi ya fi wanda ya cika maƙil haɗari, domin ruwan yana kwaranya gefen da jirgi ya karkata ya ƙara danna shi, kamar rabin ruwa a daro a kan mai tafiya. Don haka ƙananan ɗakuna na ƙasa ake cikawa, a cika su har baki. Sun rage jirkicewar zuwa kusan digiri 5, suka tafi da mil 14 na teku a awa da rakiyar Bicester, Wilton da Derwent. Ba don injin ya gaza ba ake rage gudu, sai don matsin ruwa a kan bangon da aka tokare yana ƙaruwa da gudu.

Radar_Maradi:
Akwai abin da ba a ambata ba, kuma shi ne babbar asarar daren. Nigeria da Cairo su ne jirage biyu da aka tanadar wa kayan jagorantar jiragen saman yaƙi: radar, ɗakin zana taswira, da rediyon da ke magana da matuƙan da ke tasowa daga Malta. Tofido huɗu suka cire su biyun a minti ɗaya. Ashanti ba shi da waɗannan kaya. Jiragen saman Birtaniya samfurin Beaufighter sun zo kariya, babu mai gaya musu inda maƙiyi yake, har ayarin ma ya riƙa harbinsu. Da magariba jiragen Jamus suka far wa ayarin da tsarinsa ya watse, da dare kuma ƙananan kwale-kwalen tofido suka ƙarasa ɓarna kusa da Kelibia, har da Manchester. Biyar suka isa Malta: Rochester Castle, Port Chalmers, Melbourne Star, Brisbane Star, sai Ohio ran 15 ga wata, an riƙo shi tsakanin distiroya biyu.

Sarkin_Gardama:
To laifin wa? Sa jiragen biyu kusa da juna a lokacin sauya layi ai ganganci ne.

Tsohon_Matuƙi:
Kuruza su ke jan layukan, masu share nakiya a gabansu, hanyar kuma ƙunci ce tsakanin tudun Skerki da gaɓa. Ba wurin da za a baza su. Italiyawa sun san dole a bi ta nan, shi ya sa suka jera jiragensu na ƙarƙashin ruwa a wurin. Ni na fi ganin ƙwarewar Ferrini da ganganci na Burrough.

Bakano_Tarihi:
Mu dawo kan kyaftin. Paton ya ci gaba da shi bayan wannan?

Malam_Na_Sakkwato:
Ya ci gaba. An yi masa facin wucin gadi a Jibralta, aka kai shi Charleston a Amurka, gyaran ya ci wata tara. A 1944 ya koma Tekun Indiya, yana cikin harin Sabang na Afrilu, da ruwan igwa da aka yi wa Sabang ran 25 ga Yuli. A cikin wannan shekara King ya karɓa. Shi ne wanda ke riƙe da distiroya Kashmir lokacin da jiragen Jamus suka nutsar da shi tare da Kelly na Mountbatten a Crete, Mayun 1941.

Yar_Zariya:
Kenan ya je Bama lokacin da sojojinmu ke can?

Malam_Na_Sakkwato:
Ƙwarai kuwa, Malama, kuma nan ne kaɗai tarihinsa ya gogi namu da gaske. A Janairun 1945 yana gaɓar Arakan. Ran 3 ga wata an shirya ruwan igwa a kan Akyab, sai aka tarar Japanawa sun riga sun fice, aka fasa. Ran 26 sojojin kundumbala na ruwa daga Nigeria, Kenya da Newcastle suka sauka a tsibirin Cheduba. A daidai waɗannan kwanaki runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da 'yan Arewa, suna cikin daji suna karɓe garin Myohaung. Sunayen barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna daga wannan fage suka fito, na Chindit a Zariya kuma daga wani ɓangaren yaƙin Bama ɗin.

NNS_Fan:
Bayan yaƙi ya zauna Simonstown a Afirka ta Kudu, a 1948 aka tura shi Falkland da tsibiran Antatika lokacin takun saƙa da Ajantina da Chile. Indiya ta saye shi a 1954, aka sabunta shi a Cammell Laird da ke Birkenhead, aka cire X, ya koma igwa tara. Ran 29 ga Agusta 1957 ya zama INS Mysore, kyaftin ɗinsa na farko S. M. Nanda, wanda ya zama shugaban sojin ruwan Indiya a yaƙin 1971. A wannan yaƙi R. K. S. Ghandhi ke riƙe da shi, tutar Riya Admiral Kuruvila na kansa. Kun ga an sake maimaita kyaftin da admiral a jirgi ɗaya. Ya kuma yi aikin Goa a 1961. Sai 1985 aka sallame shi.

Sarkin_Gardama:
Kada a manta a 1959 ya daki distiroyan Ingila HMS Hogue a atisayen dare kusa da Silon, har Hogue bai sake aiki ba. Daga baya ya yi karo da jirgin Indiya INS Rana, ya yi da INS Beas. Jirgin da ya saba karo haka, ku ce min nakiya ce a Norwe?

Injiniya_Gusau:
Yallaɓai, abin da ya faru a 1959 ba ya zama shaida a kan 1941. Kawo yadda farantan suka lanƙwashe mu yi magana.

Dan_Kwantagora:
Wani ya san ko jirgin ya taɓa tsayawa Legas a shekarun da ya yi a Simonstown? Yankin aikinsa ya haɗa da gaɓar Afirka ta Yamma. In akwai mai hoton jarida na lokacin, ya ɗora mana.